Kwale-kwalen Damina a Rani Ake Gyara Shi

Wanda ya ratsa fadamun Ringim da Taura da Jahun da Miga na jihar Jigawa a watan Maris ba zai rasa ganin jiragen kwale-kwale a yashe ba. Ruwa ya janye ya bar su inda ya ga dama. Wani yana kwance a kan rairayi, rana na dukansa tun hantsi har la'asar sakaliya. Wani rabinsa a cikin taɓo, rabinsa a sarari, awaki na hawa suna sauka. Idan mutum ya sunkuya ya leƙa ciki, zai hango haske ta tsakanin katako da katako, wani wurin har ɗan yatsa na shiga. Kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa, tsatsar ta zubo ta yi ja a jikin itacen. Can ƙasa kuwa, inda jirgin ya taɓa turɓaya, gara ta riga ta fara gini.

Wannan jirgin ne za a tura ruwa a watan Yuli. Shi za a cika da mata masu zuwa aikin shinkafa, da 'yan makaranta, da buhunan taki, da babur ɗaya ko biyu. Gyaran da zai samu kafin nan, in ya yi sa'a, shi ne a cusa tsumma a inda ya fi yoyo, a buga gwangwani a kai, a ce Allah ya tsare.

Abin da ke biyo baya kowa ya saba jin sa a rediyo. A tsakiyar watan Agustan 2024, wani kwale-kwale ɗauke da kimanin mutum 20 ya kife a kogin Gamoda, kusa da ƙauyen Nahuce a ƙaramar hukumar Taura. A ƙarshen Yulin 2025, a Taurar dai, wani ya kife da 'yan mata masu dawowa daga gona. Maƙwabtanmu na Kano ba su manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a kan madatsar Watari ya nutse da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla mutum 29. A kusan kowane irin wannan labari, bayanin da hukuma ke bayarwa guda ne: lodi ya yi yawa. Gaskiya ne, lodi na yin yawa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a mashigin ruwa ranar kasuwar Gujungu da zai musa. Sai dai maganar lodi ta zama wurin fakewa. Da zarar an faɗe ta, an ɗora laifin kan matuƙi da fasinjojinsa, waɗanda galibi suna cikin mamatan, shi ke nan an rufe zance. Jikin jirgin kansa ba a cika tambayar lafiyarsa ba.

Ga wani ɗan lissafi da ya kamata kowane mai fito ya riƙe. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. A ɗauka cikin jirgi yana da tsawon mita shida da faɗin mita ɗaya, ruwan yoyo kuma ya taru a ciki har zurfin santimita goma, wato kimanin faɗin tafin hannu. Wannan ruwa lita 600 ne, kilo 600, nauyin manyan buhunan masara shida, ko mutum goma masu matsakaicin jiki. Ba su biya kuɗin fito ba, ba a ƙirga su a bakin gaɓa ba, amma jirgin na ɗauke da su. Sun ma fi mutane haɗari, domin mutum idan aka daka masa tsawa zai zauna wuri ɗaya, shi kuwa ruwa duk ɓangaren da jirgi ya ɗan karkata can zai kwarara gaba ɗaya ya ƙara danne shi. Jirgin da ya ɗauki mutum goma sha biyu lafiya lau a shekarar da aka ƙera shi, idan ya shekara uku yana shan rana da yoyo, mutum takwas sun isa su kifar da shi. A rahoto za a rubuta lodi. Asalin ciwon kuwa tun watan Maris yake, a kan rairayi.

Yaron da ake zaunarwa a tsakiyar jirgi da ƙwarya ko yankakkiyar jarka yana kwarfar ruwa tun daga wannan gaɓa har waccan, mutane sun ɗauke shi wani ɓangare na sana'ar fito. A gaskiya shi ne shaidar cewa jirgin bai cancanci ɗaukar rai ba.

Yanayin ƙasar nan ba ya tausaya wa katako. Ruwan sama a yankin Dutse daga Yuni zuwa Satumba yake, Agusta ce tsakiyarsa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 suna sako ruwa da rani, shi ya sa babban kogin Haɗeja ba ya ƙafewa ƙaf, kuma jiragen masunta da ke kansa suna aiki kusan duk shekara. Amma mafi yawan jiragen fito ba a babban kogin suke ba. Suna kan rassa ne da kwaruruka da hanyoyin ƙauye da ruwa ke shanyewa, musamman tun da ciyawar kacala ta toshe magudanai ruwa ya riƙa fantsama inda da ba ya zuwa. Irin waɗannan jirage wata uku ko huɗu suke aiki, sauran shekarar a tudu suke yin ta. Daga Nuwamba hunturu zai sauko da busasshiyar iskarsa ya tsotse duk laimar da ke jikin itace. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Katako idan ya bushe, ta faɗi yake tsukewa fiye da ta tsawo, saboda haka kowane falle sai ya ja jikinsa daga ɗan'uwansa, haɗin ya buɗe, kwaltar da ke tsakani ta farfashe ta zube, ramin ƙusa ya yi wa ƙusa yawa. Idan ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni ya kwanta a cikin jirgin da ke a buɗe, ruɓewa ta kama daga ƙasa. Damina ta kumbura shi, rani ya tsuke shi, shekara bayan shekara, har ƙusa ta daina riƙe komai.

Akwai hujja a kan haka da ba sai an je nesa ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita biyar. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono wurin a 1994, sai ga kwale-kwale sassaƙaƙƙe mai tsawon mita takwas da 'yan kai, na itacen dangin maɗaci, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, yanzu yana ajiye a Damaturu. Komadugu Gana da kogin Haɗeja duk ruwansu a Komadugu Yobe yake haɗuwa ya nufi tafkin Chadi, don haka sana'ar jirgi a wannan kwari ba baƙuwa ba ce. Abin lura shi ne dalilin da ya sa itacen ya kai wannan zamani: yana binne ne a cikin jiƙaƙƙen yumɓu, iska ba ta kai gare shi, bai taɓa bushewa ba. Itace na jure zama a jiƙe kullum, yana kuma jure zama a inuwa a bushe. Kai-komo tsakanin biyun ne ke cinye shi.

Tsofaffin masunta sun san wannan ba tare da wani masani ya gaya musu ba. Inda akwai gurbin da ba ya ƙafewa, sukan nutsar da jirgi a ciki, su danne shi da duwatsu ko buhun yashi, ya yi rani a ƙarƙashin ruwa. Inda babu, sukan ja shi gindin tsamiya ko ɗorawa su kife shi. Abin da ya ƙaru a yanzu shi ne jirage masu yawa na hannun waɗanda ba gadon ruwa suka yi ba. Ambaliyar 2018 da ta 2020, da kuma babbar ta 2022 wadda ta raba garuruwa da dama a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da hanyoyinsu, sun sa fito ya zama abin neman kuɗin damina. Mai ɗan jari ya sayi jirgi ya ba yaro, yaro ya kawo balas da yamma. Ruwa na janyewa yaron ya koma kabu-kabu ko ya tafi cirani, mai jirgin kuma ya juya ga noman alkama, jirgin ya zama na kowa da kowa, wato ba na kowa ba.

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, irin su Suwidin da Finlan da Kanada da arewacin Amurka, masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska suna da irin wannan matsala ta jirgin da zai yi wata shida ba aiki. Yadda suke yi da ita abin dubawa ne. Wajen watan Oktoba ake ciro jiragen daga ruwa a ɗora su a kan ƙafafun ƙarfe a tudu, ba a mayar da su sai Afrilu ko Mayu. Cikin abubuwan da suka fi damuwa da su akwai wasu gajerun sanduna na ƙarfe marar tsatsa, tsayin kowanne kimanin santimita 60, waɗanda ake jerawa a gefen jirgi, a zura waya ta cikinsu ta kewaye shi, don kada igiyar ruwa ta jefa mutum waje. Sandar ba ta cika karyewa ba, gindinta ne ke cin amana. An ɗaure shi ne da noti ta cikin daɓen jirgin, kuma duk lokacin da wani ya jingina ko ya ja jirgi da sandar, gindin na ɗan motsawa. Ruwa ya samu hanya ta ramin notin, ya shiga cikin daɓen, sanyi ya daskarar da shi, ƙanƙara kuma ta fi ruwa cin wuri, sai ta ƙara buɗa ramin. A ido sandar na nan tsaye tana ƙyalli, ranar da mutum ya faɗa kanta da dukan nauyinsa sai ta tumɓuke. Saboda haka mai jirgi kan bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Wadda ta yi motsi ya kwance ta, ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin, ya cike, ya sa farantin ƙarfe ta ƙasa don nauyi ya bazu, ya shafa danƙon da ke hana ruwa shiga, sannan ya mayar.

Rufin ma da ƙa'idarsa. Wanda ya yi ganganci ya shimfiɗa tamfol a kan waɗannan sanduna ya ɗaure, dusar ƙanƙara za ta taru a tsakiya, nauyinta ya lanƙwaso su ciki ya fasa gindinsu. Don haka sai an kafa wa rufin nasa ƙwarangwal na katako ko bututu, mai tudu a tsakiya yadda ƙanƙara za ta zame, a kuma bar kafa gaba da baya iska ta riƙa ratsawa.

Ba wanda zai ce a kafa wa kwale-kwalen Taura sandunan ƙarfe. Jirgi ne siriri, nauyi a sama ƙara masa rawa zai yi, kuma taru da koma za su riƙa sarƙewa. Jiragen can na masu hali ne da ke yawon shaƙatawa, namu na talaka ne da ke neman tsallakawa gona. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun mai da lokacin da jirgi ba ya aiki lokacin gyara, kowa ya san watan da ake ciro shi da watan da ake duba shi, kuma suna zargin duk abin da rai zai rataya a kansa tun kafin ya nuna alamar lalacewa. Bahaushe ma ya san wannan a gidansa. Ba mai soron ƙasa da ke jiran ruwan Agusta ya zubo masa a gado kafin ya nemi magini. Tun bazara ake kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo. Jirgin da ke ɗaukar 'ya'yan mutane ne kawai aka bar wa sa'a.

Aikin kuwa ba wani mai tsada ba ne. Da ruwa ya janye, a ciro jirgi a wanke taɓon da ke ciki, domin taɓo ke riƙe laima a lungunan da ruɓa ke farawa. A ɗora shi a kife a kan guma-gumai uku ko huɗu, ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya, a zuba toka ko a shafa baƙin mai a gindin guma-guman saboda gara. Goyon ya zama har da tsakiya, in ba haka ba dogon jirgi na lanƙwashewa ya yi doro. Sannan a yi masa rumfa. A nan mutane da yawa ke kuskure, su sayo baƙar leda ko tamfol su naɗe jirgi ruf, alhali leda a kan katako cikin zafin Afrilu gasa shi take yi, in kuma ruwan farko ya shiga ƙarƙashinta ba ya fita. Rumfar zana ko ta karan dawa, mai ƙafafunta daban waɗanda ba su jingina da jirgin ba, ta fi kowace leda: tana tare rana, iska na wucewa, kuma kayanta na nan a kowace gona bayan girbi. Abin kiyayewa kawai shi ne a share ciyawar da ke kewaye saboda gobarar daji.

Duba lafiyar jirgi aikin wuni ɗaya ne ga kafintan da ya san hannunsa. Zai bi katako falle-falle yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Lafiyayye amo yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi dum. Inda ya yi shakka ya soka bakin wuƙa ko basilla. In ta shige ba gardama, wannan falle ya gama aiki, canja shi za a yi, ba a yi masa faci. Zai duba haƙarƙarin jirgin, wato itatuwan da ke riƙe ƙasa da gefe, musamman inda suka haɗu, don nan ruwa ke kwanciya. Zai zare ƙusa biyu ko uku ya gani: sau da yawa kai na nan lafiya, jikin kuwa tsatsa ta cinye shi ya koma kamar allura. Facin gwangwani da langa-langa da aka bubbuga a tsakiyar damina duk sai an ɓamɓare, domin ruwa na shiga bayansu ya zauna, su kuma su ɓoye ɓarnar. Bayan nan a ƙwaƙule tsohuwar kwalta daga haɗin katako, a murza auduga ko zaren buhu a tura da bakin ƙarfe marar kaifi, a narka sabuwar kwalta a gwangwani a bi da ita. Gwani ba ya cusa audugar da ƙarfin tsiya a busasshen jirgi, saboda ya san katako zai kumbura idan ya sha ruwa, in bai samu wurin kumbura ba sai ya bankare ya tuge ƙusa. Kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya, a sa jirgin a ruwa marar zurfi ya kwana biyu ko uku ya sha, haɗinsa ya matse, a kwarfe shi tas, a dawo da safe a ga abin da ya tara.

Sai maganar bencinan da ke gicciye a cikin jirgi. Masu fito da yawa na cire su don babur da buhu su samu wuri. Waɗannan katakai ba don zama kawai aka sa su ba, su ne ke riƙe gefe da gefe kada jirgi ya buɗe. Jirgin da ya yi haɗari a yankin Warrah na jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da mutum sama da 150 ba kifewa kawai ya yi ba, rabewa ya yi a tsakiyar kogin Neja, hukuma kuma ta ce tsoho ne. Na Patigi a jihar Kwara, wanda ya ci 'yan biki sama da 100 a Yunin 2023, kututture ya daka ya tsage. Katako mai lafiya na iya dukan kututture ya tsira da rauni, wanda ya ruɓe ba ya iyawa.

Akwai kuma abubuwa biyu da za su yi wa kwale-kwale aikin da waccan waya ke yi wa jirgin Turawa. Na farko igiya mai kauri da za a ɗaura ta kewaye jirgin ta waje, a bar ta da ɗan sassauci tsakanin ɗauri da ɗauri, irin wadda ake sa wa jiragen ceto. Jirgin katako idan ya kife ba ya cika nutsewa ƙasa nan take, yakan yi iyo a kife, amma bayansa santsi gare shi, macen da ba ta iya ruwa ba kuma ga goyo ba ta da abin kamawa. Na biyu jarkoki. Jarka mai lita 25, wofi, a rufe gam, tana ɗaga nauyin da ya kusa kilo 25 a cikin ruwa, kuma wanda ke cikin ruwa ba ya bukatar abin da zai ɗauki dukan nauyinsa, abin da zai riƙe kansa a sama kawai yake nema. Jarkoki shida ko takwas a ɗaure a ƙarƙashin benci suna hana jirgin da ya cika da ruwa yin ƙasa. Masuntan da ke hawa gora su shiga tsakiyar kogi sun daɗe da sanin wannan hikima. Ita ma igiyar sai an riƙa duba ta duk shekara, da wurin da aka ɗaura ta, don rana na cin igiyar roba har ta riƙa marmashewa a hannu.

Me gwamnati ke yi? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 take kuma da hedikwata a Lokoja, tana da dokoki masu kyau a takarda: a sa rigar kariya, kada a yi tafiyar dare, kada a wuce ƙima. Ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023 ƙarƙashin Adegboyega Oyetola ta raba dubban rigunan kariya ga jihohi, ministan kuma ya yi kira da a daina amfani da jiragen katako a koma na roba mai ƙarfi da na alminiyom. Rigar kariya abu ne mai kyau, ba mai hankalin da zai ƙi ta, amma amfaninta na farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife. Hana jirgin katako kuwa magana ce ta wanda ke da gada a kan hanyarsa ta zuwa aiki. In aka hana, mutumin da ruwa ya yanke ƙauyensu zai shiga ko da na ɓoye ne, ko da dare ne, wanda ya fi muni. Jirgin roba ma ba ya gyara kansa. Rana na cin sa, yana tsagewa idan ya daki dutse, kuma maganin liƙe shi ba a samun sa a kasuwar ƙauye, alhali kafinta da ƙusa da kwalta ko'ina akwai su. A raba sababbin jirage ba tare da an ce ga wanda zai adana su da rani ba, bayan shekara uku za a same su a kan rairayin nan kusa da na katakon.

Gwamnatin Jigawa ta nuna ta san aikin rani ne ke rage ɓarnar damina, tunda ta sayi motocin haƙa masu shiga ruwa tana yashe kogi tana cire kacala, ana kuma yin jinga kafin ruwa ya zo. Jirage ne ba su shiga wannan lissafi ba. Wataƙila don Dutse gari ne na kan tudu da duwatsu, ma'aikacin da ke sakatariya in ba ya je madatsar Warwade ba, sai ya shekara bai ga kwale-kwale ba, ko da yake fadamar Jahun ba ta kai tafiyar awa biyu daga ofishinsa ba.

Ba a bukatar sabuwar hukuma mai shugaba da motoci. Masu aikin suna nan. Garuruwan bakin ruwa suna da sarakunan ruwa da shugabannin masunta, waɗanda suka san kowane jirgi da mai shi da shekarar da aka kawo shi, kuma su ake tasa cikin dare idan za a nemo gawa. Wanda ake kira ya tsamo mamaci ya fi cancanta a ba shi ikon hana ruɓaɓɓen jirgi shiga ruwa. Abin da ya rage shi ne masarautun Dutse da Ringim da Haɗeja su ɗora musu wannan nauyi a fili ta hannun hakimai da dagatai, ƙananan hukumomi kuma su ɗauki kuɗin kafinta da kwalta da ƙusa marar tsatsa da fenti. Kowane jirgin da ke ɗaukar fasinja a ba shi lamba. A duba shi a watan Afrilu ko Mayu. Wanda ya tsallake a rubuta masa shekarar da fenti a goshi, a kuma ja masa layi a gefe, inda in ruwa ya taɓa an daina lodi. Wannan layi ba sabon abu ba ne a duniya. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke tura ruɓaɓɓun jirage teku maƙare da kaya, har aka yi dokar 1876 da ta wajabta zana alamar iyakar lodi a jikin jirgi, kuma har gobe manyan jiragen teku na ɗauke da ita. Amfanin layin shi ne ba sai an iya karatu ba. Tsohuwar da ke bakin gaɓa za ta gani da idonta ta ce ita kam ba za ta shiga ba, sai sahu na biyu.

Za a ce mai fito talaka ne, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Haka ne, shi ya sa kuɗin duba jirgi bai kamata ya fito daga aljihunsa ba, kuma kada a mai da lambar wata hanyar karɓar haraji, don ranar da aka yi haka ranar za a fara sayen fenti a bayan fage. Amma rumfar kara da guma-gumai huɗu ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma jirgin da aka adana yana daɗewa, wanda ribar mai shi ce kafin ta kowa. Za a kuma ce kwana ne ya ƙare. Babu musu, rai na hannun Allah. Malamanmu dai kullum suna karantar da cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutum ya sa shi a jirgi ya ɗauki amana. Huɗuba ɗaya a kan wannan a masallatan Juma'a na garuruwan fadama cikin watan Afrilu za ta yi aikin da sanarwa goma daga Lokoja ba za ta yi ba.

Kira dai ga Gwamna Umar Namadi da hukumar agajin gaggawa ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa: a cikin kuɗin da ake warewa duk shekara don shinkafa da tabarmi da barguna na ta'aziyya, a yanki wani abu a kashe shi tun rani a kan kafinta da kwalta da igiya. A tara sarakunan ruwa a Dutse kafin ƙarshen watan Maris, a ƙirga jiragen da ke kowane mashigi, kuma daga ruwan farko na bana kada jirgin da ba a duba ba ya ɗauki fasinja.